Sammacin Tabawa Ya Ƙetare Kogi

An yi wani sarki a Birnin Maje, ƙasar da kogi ya raba ta da wata ƙasa maƙwabciya. Sunan waccan ƙasar ya kufce mini, amma Allah Ya san ta. Sarkin yana da waziri dattijo, Haladu, mai jinkirin magana, har fadawa kan ce kafin ya amsa sallama rana ta karkata.

Wata rana wata mace mai suna Tabawa ta faɗi gaban sarki ta ce, "Allah Ya ba ka nasara, shekara bakwai ke nan mijina Ɗangoje, falken kanwa, ya ƙetare kogi, ba aike, ba saki. Ni dai a faɗa mini, matar aure ce ni ko bazawara?"

Alƙali ya ce shari'a ba ta yanke wa mutum hukunci sai an tabbatar kira ya isa kunnensa. Nan take sarki ya sa aka rubuta sammaci, aka ba dogari. Dogari ya ƙetare, ya sami Ɗangoje a tsakiyar kasuwa, ya cafki hannun rigarsa yana daka masa tsawa. Mutanen ƙasar suka kama dogarin, suka tuɓe masa rawani, suka koro shi da takardarsa ko warwarewa ba a yi ba.

Sarki ya fusata ya ce a ɗaura sirdi. Haladu ya dubi Tabawa a bakin zaure, ya san in dawaki suka ƙetare, maganarta ta nutse a kogin har abada. Sarki ya juyo ya ce, "Waziri, ta yaya kiranmu zai isa inda hannunmu bai kai ba?"

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, da dogarinsu ne ya shigo kasuwarmu ya cafki mutum, me za ka yi masa?"

"Ɗaure shi zan yi."

"To, ai sun yi mana rangwame, rawani kawai suka cire. Kada mu rubuta wa Ɗangoje, mu rubuta wa sarkinsa, da lafazin ɗan'uwa mai neman alfarma, mu aika da manzo mai mutunci. Sarkinsu ya miƙa wa alƙalinsu, alƙalinsu ya karanta wa mutumin a gaban shaidu biyu, su sa hannu a bayan takardar, ta dawo mana da hatiminsu. In wata biyu suka cika bai zo ba, alƙalinmu ya yi hukunci da zuciya wankakkiya."

Sarki ya ce, "Ni zan roƙi maƙwabci?"

"Ba don kanka ba, Allah Ya ja zamaninka. Don wannan baiwar Allah da ke zaune a ƙofarka."

Sarki ya ce a kawo tawada.

Kwana arba'in aka yi, ko hamsin ne, ban riƙe ba. Kullum Haladu na zuwa mashigin kogi yana duban kwalekwale, fadawa na yi masa ba'a wai ya koma kamun kifi. Ran nan sai ga manzo, takarda a hannu da hatimi da sunayen shaidu, Ɗangoje na biye da shi kai a sunkuye. Tare da su kuma ga manzon wancan sarki, ɗauke da nasu sammacin zuwa ga wani mutum a Maje, suna neman alfarma irin wadda suka yi.

A gaban alƙali Ɗangoje ya ce kunya ce ta hana shi dawowa, shekara na bin shekara tana ƙara nauyi. Alƙali ya ce, "Tabawa, zaɓi na hannunki, zama ko rabuwa?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam, rufin ɗakina na yoyo tun daminar da ya tafi. Ya hau ya gyara tukuna, in ya sauko na ga yadda zan yi da shi."

Sarki ya yi dariya har da ƙwalla, ya yafa wa Haladu alkyabba, ya ba shi ingarma, ya kuma sa aka isar da sammacin maƙwabta ran nan, a gaban shaidu biyu.

Ikon sarki kan tsaya a bakin kogi, adalci kuwa yana ƙetarewa, muddin ya yi sallama a ƙofar masu gida.