Rijiyar Bunma da Matar Ƙofar Gabas

A zamanin da ƙasar Tailan ba ta ɗauki wannan suna ba, ana ce mata Siyam, masu ba da labari sun ce an yi wani babban birni a bakin kogi, mai ganuwar jan tubali da ɗakunan ibada masu tsini. Yaƙi ya ci shi. Abokan gaba suka ƙone shi ƙurmus, suka kora mutanensa kamar awaki, daji kuma ya dawo ya karɓi kayansa. Saiwoyin itatuwa suka rungume gumakan Buda, birai suka gaje fadar sarki. Har sunan birnin ya ɓace a bakin mutane, sai dai su ce Wiyankao, wato tsohon birni, shi ma ba a faɗinsa sai an rage murya, domin an ce fatalwa ta cika shi.

A wani ƙauye can gangaren kogin akwai maharbi mai suna Bunma. In ya dawo daga daji, mawaƙan ƙauyen sukan tarbe shi da kirari: "Bunma na Jampa, dodon damisa, mai shimfiɗa tabarma inda giwa ta ƙi tsayawa!" Jampa matarsa ce. Shi kuwa mutum ne mai ƙarancin magana da yawan yarda da kansa, kuma wannan hali na biyu shi ya ja masa.

Wata shekara kogin ya yi ambaliya, ya cinye ƙauyen da gonakin shinkafarsa. Mutane suka tare a kan kwale-kwale da rassan itatuwa, yunwa na neman ƙarasa abin da ruwa ya bari. Bunma ya rataya kwari da baka ya shiga daji neman tudun da za a zauna. A hanya ya harbi wata barewa, ta gudu da kibiyar a cinya, ya bi sawun jini har ya iso gindin wata rusasshiyar ganuwa. A nan ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da ya fara farauta. Barewar ta kai bakin ƙofar gabas, hanya a buɗe a gabanta, amma ta tsaya cik, ta juyo, ta durƙusa tana kallonsa. Ta gwammace wuƙarsa da ta tsallaka ƙofar nan.

Rana ta take tsaka. A tsakiyar ƙofar akwai wani baƙin ginshiƙin katako da wutar yaƙi ta kasa ci, kuma a jikinsa wata mace tana tsaye, da tsohon ciki, gashinta duk ƙasa. Bunma ya dubi ƙafafunta. Ginshiƙin yana da inuwa, ita ba ta da ita.

"Maharbi," in ji matar, "daga fada kake? Har yanzu sarki bai ce in koma gida ba? Na bar shinkafa a kan wuta."

Dokar maharban ƙasar ce ba a amsa muryar da ba a san mai ita ba a daji, don haka Bunma bai ce uffan ba. Matar ta jira, ta jira, sannan ta nutse a gindin ginshiƙin kamar yadda ruwa ke shiga yashi. Da ya samu ƙarfin leƙawa ciki, sai ya ga tudu mai faɗi, ga tafkunan da mutanen da suka haƙa, ga mangwaro da tsamiya sun nuna babu mai tsinka. Ya koma wurin mutanensa ya ba su labarin tudu da tafkuna da mangwaro. Labarin matar kuwa ya haɗiye shi.

Suka taso suka kafa gidajen gora a kan dirkoki cikin kufan, suka naɗa Bunma shugaba. Ba a jima ba abin da ya ɓoye ya fara fitowa da kansa. Shanun huɗarsu, irin baƙaƙen nan masu kama da ɓauna, suka ƙi bi ta ƙofar gabas ko da duka, alhali gonaki suna can bayanta. Kullum rana ta take, ƙaurin shinkafa sai ya cika garin, a bi gida-gida babu tukunya a murhu. Wanda duk ya ratsa ƙofar a wannan lokaci yakan dawo da zazzaɓi yana sambatu, yana cewa wata mai ciki ta riƙe masa hannu tana tambayarsa labarin fada. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Ga shi babu wurin komawa, ruwa na nan kwance a ƙauyensu.

A cikinsu akwai wani tsoho, Kaka Muwan, wanda kakanninsa maginan sarakuna ne. Shi ya tara jama'a ya faɗa musu abin da ya gada a bakin iyayensa. Ya ce a da ba a kafa ƙofar birni sai an sa mata mai gadi, kuma ba a kan ƙofar ake sa shi ba, a ƙarƙashinta ne. Da sassafe bayin sarki sukan zaga gari suna kiran sunaye huɗu: In, Jan, Man, Kong. Wanda duk ya fara amsawa, shi ƙofa ta zaɓa. A ciyar da shi, a yi masa ado, a saka shi cikin rami da ransa, a saki ginshiƙi a kansa.

Wata mata ta toshe wa ɗiyarta kunne.

"Mai gadin nan ta gaji," in ji tsohon. "Sai an ba ta mai canji, in ba haka ba za ta ɗebe mu ɗaya bayan ɗaya."

Ido ya koma kan Bunma. Shi ya kawo su, kuma shi kaɗai ya san ya kawo su da saninsa. Ya yi saurin laluben gidansa a zuci: shi Bunma, matarsa Jampa, ɗan cikinta ko suna bai samu ba. Babu In, babu Jan, babu Man, babu Kong. Kai, da wuya ma a samu mai ɗayan sunayen a ɗan ƙauyen nan, kuma ko akwai shi, wa zai amsa bayan an gaya masa? A ganinsa za a yi kira, a rasa mai amsawa, hankalin mutane ya kwanta. Aka kawo ruwan rantsuwa, aka tsoma tsinin takobi a ciki bisa al'adarsu. Bunma ya sha a kan duk wanda ya amsa za a ba wa ƙofa shi, har da ƙarin da ba wanda ya roƙe shi: "Ko daga gidana ne." Jampa ba ta wurin, nauyin ciki ya hana ta saukowa daga gida, shi kuma bai ga dalilin tayar mata da hankali da zancen ba.

Washegari da hantsi Kaka Muwan ya bi layin gidaje yana dogara sanda. "In!" Shiru. "Jan!"

"Na'am!"

Daga saman gidan Bunma muryar ta fito, tangaran, har da ɗoki a cikinta. Jampa ta leƙo da faifan shinkafa a hannu tana neman mai kiran.

Bunma yana gyaran baka a ƙasan gidan. Bakan ya faɗi. Ya hau tsani bai san ya hau ba. "Me kika amsa? Wa ya kira ki?"

"Yaya, sunana ne na yanka," ta ce, tana kallon fuskokin da suka taru a ƙasa. "Jampa innata ta laƙaba mini don kada iskoki su san na gaskiya. Ita kaɗai ke kirana Jan, in muna mu biyu. Tun rasuwarta ban ƙara jin sa ba. Me ya faru?"

Al'adar mutanen ce su ɓoye sunan yaro a bayan laƙabi, kowa ya san da haka, Bunma ma ya sani. Shekara da shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya, bai taɓa tambayarta ba. Da aka gaya mata abin da ta amsa, ba ta yi kuka ba. Ta dafa cikinta da hannu biyu, ta dubi mijinta, kallon da ya fi masa kibiya zafi.

Aka ɗaura mata farin zare a wuyan hannu, aka sa mata furanni, mata suna yi mata ado suna sharar hawaye. Sauran aiki shi ne a tumɓuke tsohon ginshiƙi a buɗe ramin, kuma babu namijin da ya yarda ya matsa kusa. Bunma ya ce shi zai yi. Ya ɗauki magirbi da igiya, ya nufi ƙofar gabas da tsakar rana, lokacin da kowa ke gudu. Jama'a suka biyo shi daga nesa, da Jampa a tsakiyarsu.

Ya yi ta haƙa har ginshiƙin ya karkata ya faɗi da ƙara. Ya shiga ramin ya ci gaba da hannu. Can ƙasa yatsunsa suka taɓa ƙashi. Mace ce a durƙushe, an ɗaure hannayenta ta gaba, kuma har lokacin akwai ludayin katako a cikin yatsunta. A tsakanin ƙasusuwan ƙugunta ga wasu ƙanana, sirara kamar na tsuntsu, da ɗan ƙoƙon kai da bai cika tafin hannu ba.

Babu inuwar da ta faɗo masa, amma ya san an tsaya a kansa. Ya ɗaga kai, ga ta a bakin ramin. A karo na farko a rayuwarsa ya karya dokar maharba.

"Inna," ya ce, "sarki ya mutu tun tuni. Birni ya ƙone, babu ƙofar da za ki tsare. Ba wanda ya zo ya gaya miki ne. Tafi gida, ke da ɗanki."

Ta ce, "To shinkafar fa?"

"An sauke, Inna."

Ta yi ajiyar zuciya, iska ta kaɗa, ba a ƙara ganinta ba. Bunma ya naɗe ƙasusuwan a mayafinsa ya miƙo su sama, ya ce a buɗe kowa ya gani. Da aka buɗe, maza suka ja da baya, wata tsohuwa ta yanke jiki ta faɗi. Abin da suka ji a baki jiya, yau ga shi a kan zane, da ɗan ƙoƙon kansa.

"Rami ya buɗe," in ji Kaka Muwan, bai janye ba. "Ba a barin sa wofi. Ka sha ruwan rantsuwa, Bunma. Ka ce ko daga gidanka ne."

"Na ce. Ni ma daga gidana nake, Kaka. Ga ni a ciki. Ba zan fito ba sai an kwance mata zaren nan."

A lokacin ne suka lura ruwa na ɓuɓɓugowa daga inda aka ɗauke ƙasusuwan. Ya rufe idon sawunsa, ya kai gwiwa. Aka jefa masa igiya, ya ƙi kamawa. Mutane suka yi cirko-cirko, wannan na kallon wancan, kowa na tsoron ya zama shi ne ya fara taɓa zaren. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Jampa ta ƙwalla ƙara ta durƙusa, naƙuda ta taso mata gadan-gadan. Sai matar nan da ta toshe wa ɗiyarta kunne ta ture mazan, ta sa haƙori ta tsinke zaren. Mata suka kewaye Jampa da zannuwa, hankalin kowa ya koma can, har aka ji kukan jaririya.

Da suka juyo su yi wa Bunma albishir, ramin ya cika fal har baki, ruwan garau, ana hango ƙasansa. Babu kowa a ciki. Aka nutsa, aka zura gora, aka kwashe ruwan ya sake cika. Ko igiyar wandonsa ba a samu ba. Kaka Muwan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, kuma an ce bai ƙara kiran sunan wani mahaluki ba har ya mutu.

Suka ƙone ƙasusuwan matar da na ɗanta bisa addininsu, suka zuba tokar a kogi. Ƙaurin shinkafa ya ɗauke, shanu suka ratsa ƙofar gabas ba gardama, garin ya zauna. Ba su sake kafa ginshiƙi ba. Ramin suka ɗaure da tubalin tsohuwar ganuwa, shi ne Rijiyar Bunma, wadda aka ce ba ta taɓa ƙafewa ba. Masu yawon buɗe ido da ke zuwa kallon kufan sukan tambayi inda fatalwa take, a nuna musu rusassun ɗakunan ibada su ɗauki hoto. 'Yan gari kuwa rijiyar suke girmamawa: in mai ciki ta zo ɗibar ruwa, kowa ya ja guga baya sai ta gama.

Jampa ta rayu har ta ga jikoki. Kullum rana ta take, takan je bakin rijiyar ta sunkuya ta kira sunan mijinta, ta saurara, sannan ta koma gida. Wata rana ɗiyarta ta kasa daurewa, ta ce, "Inna, kin tsufa kina kira, bai taɓa amsawa ba. Me kike jira?"

"Shirun nake zuwa ji," in ji tsohuwar. "Wanda aka ɗaure a ƙarƙashin ƙasa shi ke magana. Ubanki ba a ɗaure yake ba."