Allon Ciyaman

Da man fetur ya ƙara tsada, Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya tara direbobin tasha ya ce, "Kuɗin mota zuwa Kukar Bale yana nan yadda yake. Ba ƙari, ba cusa mutum biyu a kujerar gaba, ba ajiye mota a gida. Wanda ya saɓa, na ƙwace makullinsa."

Cindo, mai wata tsohuwar bas, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Bayan kwana uku aka kawo ƙararsa gaban Ciyaman.

"Cindo, an ce kana sauke fasinja a daji, saura mil goma a shiga gari."

"Ni? A Kukar Bale nake sauke su, daidai gindin allon nan mai hotonka, wanda aka rubuta 'Barka da zuwa Kukar Bale'."

"Kai, can ai daji ne! Ko akuya babu!"

"To, ranka ya daɗe, bara kai ka kafa allon, ka ce gari ya kai nan, ka yanka filaye ka sayar da tsadar cikin gari. In daji ne, ɗaga murya ka faɗa. Biyu daga cikin masu filayen suna bakin ƙofa, su suka kawo ƙarata."

Ciyaman ya saci kallon ƙofa, ya gyara zaman hula.

"Gari ne," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi. In ka ƙara matso da allon kusa da tasha, wallahi har ragi zan yi musu."