Rinar da Ta Shiga Rawar Malliga

Dalilin da ya sa 'yan rawar Indiya suke zame wuya dama da hagu, suna juya idanu kamar masu neman ɓarawon kaza, shi zan gaya muku yau. Kai mai dariyar can, dakata, ba mu zo wurin dariyar ba tukuna.

A da can, ƙafa da hannu kawai suke rawa a Indiya. Wuya yana nan ƙiƙam kamar taɓarya. To, akwai wasu ƙauyuka biyu maƙwabta da suke da babbar ganga ɗaya tal a tsakaninsu. Duk bayan girbin shinkafa sai su yi gasar rawa. Kowane ƙauye ya fito da budurwa ɗaya, a ɗora mata tukunyar madara a ka, a sa mata fitila mai ci a kowane tafin hannu. Wadda ta zubar da madara ko rawarta ta gaza, ƙauyensu ya rasa ganga har baɗi.

Ƙauyen su wata budurwa mai suna Malliga sun daɗe suna shan kaye. Ko bikin aure ne, faranti suke bugawa, maƙwabta na leƙowa suna ƙyalƙyala dariya. Da aka zaɓi Malliga, sai kakarta Kannamma ta cika mata gashi da furanni masu ƙamshi.

"Kaka, furen nan bai yi yawa ba?"

"Rufe min baki! Ki ciyo mana gangar nan, na gaji da kiɗan faranti."

Walli, budurwar ɗaya ƙauyen, ta yi rawarta tsaf, ko ɗigo bai zuba ba. Malliga ta shiga fili. Ta fara takawa ke nan sai ga wata ƙatuwar rina ta biyo ƙamshin fure, ta tsaya daidai hancinta, zuuu!

Wayyo Malliga! Hannuwa da wuta, kai da madara, ga kaka ta kafe ta da ido. Rina ta yi dama, Malliga ta bi ta da kallo, ta zame wuya hagu, tukunya ko motsi. Rina ta dawo hagu, Malliga ta zame dama. Ta zaro ido, ta ɗage gira, ta yi ta dukan ƙasa da ƙafa don tsabar tsoro. Mai ganga ya ɗauka sabon salo ne, ya ƙara wuta. Jama'a kuwa suna nesa, ba mai ganin rina, sai tafi da sowa.

"Ni na koya mata!" in ji Kannamma tana bugun ƙirji. Ƙarya take yi, tsohuwar nan!

Ana ɗauke kiɗa rina ta ɗana mata harbi a hanci. Malliga ta cije, hawaye na zuba, ta sauke tukunyarta cike fal. Dattawa suka ce ba su taɓa ganin irin wannan rawa ba, suka ba ƙauyensu ganga.

Walli ta matso a sanyaye. "Ƙawata, yaya kike yin wannan abu da wuya? Kuma me ya kumbura miki hanci?"

Malliga ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, kaka ta mintsine ta.

"Sirrin gidanmu ne, 'yar nan. Je ki nemi naki."

Walli ta koma gida ta yi ta gwadawa a bakin rijiya har wuyanta ya sage. Kafin baɗi duk 'yan matan ƙasar sun ɗauka.

Shi ya sa har yau, in kun ga 'yar rawar Indiya tana zame wuya tana zare ido, to rinar nan take kauce wa, ita ma ba ta sani ba.