Tulu Mai Sheƙi

A wani ƙauye a kwarin Oaxaca an yi wani maginin tukwane mai suna Eleuterio. Ya iya sana'arsa, amma yabo ya fi masa abinci daɗi. Tun da baƙi suka fara rububin baƙaƙen tukwanensa masu sheƙi, sai ya raina gina na amfani. Yini yake yana goge yumɓu da ɗan dutse har sai ya ga fuskarsa a jiki. Kowa kuwa a garin ya san sheƙin nan ba ya jure doguwar wuta. Da wuri ake fitar da tukunyar, shi ya sa ba ta riƙe ruwa.

Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse birni. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya, Nicanor makiyayin awaki, wanda kullum da yamma yake zuwa su zauna a benci, su ci gasasshiyar masara suna tsokanar juna.

Da bazara ta yi tsanani, tulun Nicanor ya fashe. Ya roƙi amininsa ya gina masa wani, mai launin toka irin na da, wanda ya sha wuta sosai. Eleuterio ya amsa da to, amma ransa bai so a ga mummunan tulu a ce aikinsa ne ba. Sai ya miƙa masa wani mai ɗaukar ido.

"Kai tsoho, ruwa zan zuba, ba aure zan nema da shi ba," in ji Nicanor. "Zai riƙe?"

"Sau biyu na gasa shi, mutumina. Ka taɓa ganin na cuce ka?"

Ƙarya yake yi, Nicanor kuwa ya yarda. Ya cika tulun, ya ɗaura wa jaki, ya kora awaki can saman duwatsu inda babu ko rijiya. Kafin rana ta take, ruwan ya tsiyaye tas. Washegari masu itace suka tsinto Nicanor a kwance, ƙishirwa ta kusa kashe shi.

Eleuterio ya kasa zuwa dubiya don kunya. Ya ce sai ya gina tulun kirki tukuna. Ya gina, ya gasa har ya yi toka-toka, in an ƙwanƙwasa yana ƙara. Ya rungumo shi zuwa gidan Nicanor, ya tarar da ƙofa a kulle. Maƙwabciya ta ce 'yarsa ta tafi da shi birni, an sayar da awakin, kuma bai bar wa kowa sallahu ba.

Ya koma gida ya cika tulun da ruwa, ya ajiye shi a gefen benci, inda Nicanor ke zama. Kullum da yamma yakan leƙa ciki, ya tarar ruwan na nan yadda ya zuba shi. Babu mai sha.

Darasin shi ne, kada son a yaba maka ya sa ka yaudari wanda ya yarda da kai. Masu yaba sheƙi wucewa suke yi. Mai zama da kai da yamma kuwa, in ya tashi, ba lallai ya dawo ba.