Likitan da Aka Yi wa Maraba a Asibitinsa

Akwai wata likita mai suna Raihanatu, 'yar Birnin Malam, da ke aiki a wani ƙaramin asibiti tsakanin Jega da Maiyama. Jama'a, shekara uku baiwar Allahn nan ita kaɗai ce likita a wurin. Ita ce karɓar haihuwa, ita ce tiyata, ita ce ɗakin yara. Ko bikin ƙanwarta ba ta samu zuwa ba.

Abokan karatunta tuni suka watse, wasu Saudiyya, wasu Abuja, inda albashi ke da maiƙo. Yayanta Hamidu, dillalin albasa a Aliero, kullum tsiya yake mata a waya: "Dakta, taho in ɗauke ki ɗinkin buhu, wallahi na fi gwamnati biya."

Amma ba albashin ne ke ci mata rai ba. A takarda, likita biyu ne a asibitin. Na biyun, Dakta Shafi'u, yana can birni da asibitinsa na kuɗi, albashin nan kuma yana shiga masa duk wata. Shi ya sa duk lokacin da aka ɗauki sababbin likitoci sai a tsallake su, a ce ai suna da biyu.

Bana sai aka sake tsari. Kwamitin tantance ma'aikata zai zo har asibiti kafin a raba sababbin likitoci.

Ana gobe za su zo, Malam Isiyaku, sakataren asibitin, ya shigo ofishinta da takarda.

"Ranki ya daɗe, hannu kawai za ki sa, cewa tare kuke aiki da Dakta Shafi'u."

"Tare a ina? A mafarki?"

"Dakta, mutumin nan yana da manya. In kin ƙi, an ce a gaya miki za a jefa ki ƙauyen da ko mota ba ta shiga."

Ta tuna matar da ta rasu bara a kan benci tana jiranta, ita kuma tana ɗakin tiyata da wata. Ta tura masa takardarsa.

"Malam Isiyaku, a kai ni. Can ma mutane ne. Amma hannuna ba zai hau ƙaryar nan ba."

Washegari sai ga Dakta Shafi'u cikin farar riga sabuwa fil, ga abin awo rataye a wuya, yana ta ƙamshin turare. Da sakatare ya raɗa masa cewa Raihanatu ta ƙi sa hannu, ya dube ta sheƙeƙe ya ce, "Ki fara haɗa kayanki."

Ya shige gaba yana zagayawa da 'yan kwamiti kamar shi ya gina wurin.

A ƙofar ɗakin mata suka ci karo da Inna Laraba, tsohuwar da ke kawo jikokinta asibitin tun kafin a jawo masa wutar lantarki. Kun san mutanenmu, ba su ganin baƙo su wuce. Tana hango farar riga da baƙuwar fuska, ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiriri! Maraba da baƙo! Yau dai anka tuna da mu! Shekara uku muna roƙon Allah shi kawo muna likita shi kama ma ɗiyar ga!"

Ta kwance albasar da ta ƙullo wa Raihanatu a zani, ta danƙa masa a hannu, wai tukuicin zuwa.

Sauran matan suka ɗauka: "Sannu da zuwa, sabon likita!"

Shugaban kwamitin ya dubi takardarsa, ya dubi mutumin da ke tsaye riƙe da albasa yana zufa.

"Inna, ba ki taɓa ganinsa ba?"

"Wanga? Ina zan gane shi, yau yaz zo."

Ya juya ga Raihanatu. "Dakta, me za ki ce?"

Malam Isiyaku yana ta ƙifta mata ido. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yallaɓai, ni kaina yau ne ganina da shi na biyu."

A ranar aka soke sunan Dakta Shafi'u. Barazanar sauyin wurin aiki kuwa, ba wanda ya ƙara ɗaga ta. Bayan wata uku aka turo likitoci biyu, na gaske, masu zama.

Ranar da ƙanwarta ta yi suna a Birnin Malam, da hantsi Raihanatu ta iso, ta zauna har la'asar ba wanda ya kira ta daga asibiti. Uwarta ta yi ta kallonta, can ta fashe da kukan farin ciki.

Darasi: Albashin da kake ci ba ka zuwa aiki, haƙƙin marar lafiyar da ke jira a benci ne. Wanda kuma ya sa hannu ya rufa maka, ku biyu za ku amsa a gaban Allah. In an matsa maka ka shaidi ƙarya, ka tsaya kamar Raihanatu. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman ma'aikata.