Kek Ɗin Da Preben Ya Kasa Haɗiyewa

Akwai wani mutum mai suna Preben a wani ƙaramin gari na ƙasar Denmark, wanda ya ƙera jirgin sama mai kujera biyu da hannunsa. Jirgin ya yi kyau, wannan ba musu. Matsalar ita ce Preben ba ya barin kowa ya manta da hakan.

A rumfar jirage ta ƙungiyarsu ta matuƙa, kusa da nasa akwai jirgin wani dattijo mai suna Aksel. Na Aksel katako ne da ƙyalle, kuma matarsa Bodil ce ta ɗinke ƙyallen fukafukan tun suna da ƙuruciyarsu. Preben ya sa masa suna kejin kaji. In ya faɗa, sai Aksel ya yi dariya ya ce, "Kejin nan dai ya riga ka ganin gajimare."

Soket ɗaya ne a lungun nasu. Da sanyi ya shigo, Aksel kan jona 'yar cajarsa a nan, ta riƙa ɗiga wa batirin jirginsa wuta a hankali, saboda tsohon batir ba ya shiri da sanyi.

Wata rana da yamma Preben ya zo gwada sababbin allunan kwamfuta da ya sa a gaban kujerar matuƙi. Ba ya so ya zuƙe batirinsa, sai ya ɗauko na'urar da ke ba jirgi wuta daga waje. Ya duba bango, ga cajar Aksel ta tare soket. Ya sa hannu ya fizge.

"Kejin kaji ina za shi?" ya ce a ransa. "In na gama na mayar."

Ya gama, ya naɗe wayarsa, ya yi gida yana fito. Filogin Aksel kuwa yana nan yashe a ƙasa.

Makonni suka wuce Aksel bai leƙo rumfar ba, yana ta zaryar asibiti. A ƙarshe likita ya ce ba za a sabunta masa takardar lafiya ta matuƙa ba, saboda zuciyarsa. Ta hannunsa za ta ƙare a ƙarshen wata. Asabar ɗaya ta rage masa a sama.

To, Bodil duk da ita ta ɗinka fukafukan, ba ta taɓa yarda ta hau jirgin ba don tsoro. Da ta ji maganar likita sai ta ce, "Tsoho, kai ni in ga tsibirin da aka haife ni daga sama. In ban hau yanzu ba, sai yaushe?"

Ranar Asabar gari ya waye garau, ba iska, sai sanyi mai ratsa ƙashi. 'Yan ƙungiya suka hallara, har da Preben. Aka turo jirgin waje. Bodil ta shiga ta zauna, ta ƙanƙame igiyar kujera da hannu biyu. Aksel ya leƙo ya yi kira a kauce wa farfela, ya murza makulli.

Ƙyat. Shi ke nan abin da aka ji.

Ya sake murzawa, farfela ko motsi ba ta yi ba. Vagn, shugaban ƙungiyar, ya shiga rumfa ya fito riƙe da caja.

"Aksel, a ƙasa na tsinci filogin. Ba a jone yake ba."

Nan take Preben ya tuna.

"Na jona," in ji Aksel. "Na tabbata na jona." Ya ƙura wa filogin ido. Can cikin sanyin murya ya ce, "Ko ban jona ba?"

Kowa ya sunkuyar da kai, don an san yayan Aksel ciwon mantuwa ne ya yi ajalinsa, har sunan 'ya'yansa ya ɓace masa. Ba abin da dattijon yake tsoro a duniya kamar wannan.

A nan ya kamata Preben ya buɗe baki. Amma ina! Mutumin da kullum yake koya wa mutane yadda ake haɗa waya, ya ce shi ne ya yi wannan shirmen a gaban kowa? Sai ya zaɓi ya gyara ɓarnar ba tare da ya amsa ta ba. Ya ruga ya turo amalanken batir na ƙungiya, wanda ake tayar da jirage da shi.

"Ba wani abu ba ne! Jirginka yana da kafar wuta ta waje. A jona a tayar, ku kama hanya."

"Haba Preben," in ji Vagn, "tayar da inji daban, ƙetare teku da mataccen batir daban. Kai ma ka sani."

"To a cire nawa a sa masa. Iri ɗaya ne, kuma cike yake taf."

Mutane suka kalli juna. Preben da ko sukudireba ba ya ba da aro, yau shi ke ba da batir?

Aksel ya girgiza kai, ya sauko a hankali.

"Na gode. Amma ba maganar batir ba ce. Wanda ya manta caja yau, gobe mai zai manta. Ba zan ɗauki Bodil sama da irin wannan kan ba. Sauko, Bodil."

Ta sauko, Allah sarki.

Al'adarsu ce duk wanda ya kwafsa a filin jirgi shi zai sayo wa jama'a kek, a ci ana yi masa tsiya. Preben ya fi kowa iya wannan tsiyar. Aksel ya shiga motarsa ya tafi gari, ya dawo da babban kek mai kirfa, ya ajiye a ɗakin shan kofi.

"Ga na wanda ya kwafsa," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Ku ci, shi ne na ƙarshe daga wurina."

Ba wanda ya yi tsiya. Aka zauna ana juya kofi, ana hirar da ba ta da kan gado. Rana tana ta yin ƙasa, kuma a wannan lokacin na shekara ba ta jiran kowa. Preben yana kallonta ta taga, yana cewa a ransa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa.

Ya gutsuri kek ya sa a baki, ya tsaya masa a maƙogwaro kamar garin katako. Bodil ta lura. Ta turo masa kofi ta ce, "Ci mana, Preben. Ai ba kai ka kwafsa ba."

Wannan maganar ce ta karya shi. Ya ajiye faranti ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja.

"Ni ne. Ni na cire cajar, na jona kayana, na manta ban mayar ba."

Vagn ya ce, "Tun safe kana tsaye kana kallon dattijon nan yana zargin kansa? Har ka zauna cin kek ɗinsa?"

Preben ya so ƙasa ta tsage ya shige. Yana jiran zagi daga Aksel, amma dattijon wata tambaya ya yi masa.

"Da ka zo cirewa, a jone ka same ta?"

"A jone. Koriyar fitilarta na ci."

Aksel ya juya wurin matarsa, hawaye na gangaro masa.

"Bodil, kin ji? Na jona. Ashe na jona."

Aka fita da gudu. Preben da kansa ya kwance batirinsa, aka ɗaura a jirgin Aksel, Vagn ya bi ya duba komai. Murzawa ɗaya inji ya kama.

Sai dai rana ta kusa faɗuwa, kuma jirgin Aksel ba ya tashi cikin duhu. Zuwa tsibirin da dawowa ya riga ya gagara. Iyakar gaɓar teku suka kai suka juyo.

Da suka sauka, Preben yana tsaye gefe, ya kasa matsowa. Bodil ce ta tako wurinsa.

"Na hango shi," ta ce, "wani baƙin layi can a kan ruwa. Na so in ga rufin gidanmu da cocin da aka ɗaura mana aure. Da ka faɗa da safe, da na gani."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

Aksel ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kek biyu ke kanka. Ɗaya na filogi, ɗaya na shirun. Na shirun ya fi girma."

Preben ya sayo su, ya kuma ƙara soket a bangon rumfar. Amma takardar Aksel ta ƙare, Bodil kuwa ba ta sake yarda ta hau jirgin kowa ba. Daga ranar ba a sake jin kalmar kejin kaji a bakin Preben ba.

Darasi: Kuskure na kowa ne, amma shirun da ke bin kuskure zaɓi ne. In ka ga wani yana ɗauke da laifinka, har yana shakkar kansa, ka yi magana tun rana tana sama, don gaskiyar da ta makara ba ta mayar da duk abin da aka rasa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai wata magana a baki da ya kamata ya faɗa yau.