Ranar Da Zaki Ya Saki Rijiyoyi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo, mun kasa kunne.

Zaki ya gaji da kula da rijiyoyin daji daga fada, ya ce kowace unguwa ta naɗa mai yashe tata.

Da rani ya tsananta, ya fita rangadi. A rijiyar unguwar Kura sai laka.

"Wa kuka naɗa?"

Kura ta ce, "Surukina, ranka ya daɗe. Tsoron rami yake yi."

A unguwar Kunkuru kuwa, ruwa fal, garau, har Giwa na wanka. Zaki ya saki baki.

Kunkuru ya ce, "Kwaɗo muka naɗa. A ciki yake zaune, in ta ƙafe shi zai fara mutuwa."

Zaki, da bai taɓa rusuna wa kowa ba, ya rusuna wa Kwaɗo.

Ƙurunƙus, kan kusu a bakin rijiya!